Darasi na 7: Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfutar Gem da Kuɗi Kaɗan

Kayan da ake haɗa kwamfutar tebur da su bakwai ne: furosesa, madabod, ram, ma'ajiya, katin hoto, akwatin wuta, da kesin da zai ɗauke su gaba ɗaya. Duk wanda ya iya riƙe sukundireba, ya kuma iya bin takardar umarni a natse, zai haɗa su a yini guda. Wahalar tana wajen saye. Kowane ɗaya cikin bakwai ɗin yana da mai araha da mai tsada, mai shago kuma ba zai rasa dalilin da zai ce mai tsadar ne ya dace da ku ba. A wannan darasi za mu ga inda ya kamata yawancin kuɗin ya tafi, inda za a tsuke hannu ba tare da an cutu ba, da inda tsuke hannun ke jawo asara.

Wane gem, a kan wane allo?

Kafin a taka kasuwa, a zauna da biro da takarda a amsa waɗannan tambayoyi biyu, domin su ne za su yanke hukuncin sauran.

Hoton da ke kan allo ɗigo-ɗigo ne, kuma katin hoto ne ke zana kowane ɗigo. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimla miliyan 2 da 'yan kai. Na 1440p yana da kusan miliyan 3.7. Na 4K ya haura miliyan 8, wato ninki huɗu na 1080p. Gem ba ya tafiya sumul sai kwamfuta tana fitar da cikakken hoto kamar sau 60 a kowane sakan. Idan ya sauka ƙasa da 30, ido zai fara ganin yana tsinkewa. To ku lissafa aikin da ke kan katin da aka ce ya zana ɗigo miliyan 8 sau 60 a sakan ɗaya. Mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a 1080p, kuma babu abin kunya a ciki: binciken da dandalin Steam ke yi duk wata ya daɗe yana nuna cewa shi ne allon da masu buga gem suka fi amfani da shi a duniya.

Gem ɗin ma ba nauyinsu ɗaya ba. Ƙwallon eFootball da EA Sports FC, da Valorant, da GTA V wanda ya fito a kwamfuta tun 2015, ba sa buƙatar wani ƙaton kati. Irin su Cyberpunk 2077 da Red Dead Redemption 2 kuwa sai da kati mai ƙwari. Wanda ƙwallo kaɗai yake bugawa da abokai da daddare, in ya sayi katin da aka yi don 4K, ya zuba kuɗinsa a inda ba zai taɓa ganin amfaninsa ba.

Katin hoto, mai babban kaso

A cikin kuɗin da aka ware wa kayan ciki, shawarata ita ce katin hoto ya ɗauki kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari. Furosesa da madabod su raba kamar kashi 25, ram da ma'ajiya kashi 15 zuwa 20, akwatin wuta kashi 10, abin da ya rage ya tafi kan kesin. Ba doka ba ce, ma'auni ne da za ku riƙa duba kanku da shi. In kuka ga furosesa ya fi katin hoto tsada a lissafinku, a koma a sake lale.

Kamfanoni uku ke ƙera ƙwaƙwalwar waɗannan katuna: Nvidia, AMD da Intel. Sunayen da ke jikin kwali, su Asus, MSI, Gigabyte, Sapphire da Zotac, masu haɗawa ne da sanya fanka; RTX 4060 na wannan da na wancan kusan abu ɗaya ne wajen ƙarfi, don haka a ɗauki wanda ya fi sauƙi matuƙar yana da fanka biyu.

Lambar kati tana da ma'ana. A RTX 4060, 40 zubi ne, 60 kuma aji ne. Sabon zubi ba ya nufin ya fi kowane tsoho: RTX 3080 na 2020 ya fi RTX 4060 na 2023 ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda ajin 80 ne, sai dai yana shan wuta kusan ninki uku. Ajin 60 shi ne gidan mai ƙaramin kasafi. A nan za ku tarar da RX 6600 na AMD, wanda ya fito a 2021 da gigabait 8 yana shan wat 132. Da RTX 3060 mai gigabait 12 da wat 170. Da RTX 4060 da aka fitar a kan dala 299, wanda wat 115 kawai yake sha. Da Arc B580 na Intel mai gigabait 12 da ya fito a ƙarshen 2024 a kan dala 249. A 2025 an ƙara da RTX 5060 da RX 9060 XT. Kowannensu zai riƙe 1080p. A wurin da wuta ke da tsada ko ake dogaro da inbata, ƙarancin shan wutar RTX 4060 abu ne da za a sa a sikeli.

Yawan gigabait ɗin da ke jikin kati shi ne tarkon da ya fi kama sababbin shiga. Gigabait ɗin wurin ajiye hoto ne na ɗan lokaci, ba shi ne ƙarfin zanawa ba. GT 730 mai gigabait 4 ba zai buga komai na zamani ba, komai girman lambar da aka rubuta a kwalinsa. Amma kuma ƙarancinsa matsala ne: gem kamar Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I, waɗanda suka fito a kwamfuta a 2023, sun cika gigabait 8 maƙil idan aka ƙure musu kyan hoto. Saboda haka 8 ya zama mafi ƙarancin abin da za a saya yanzu, in an samu 12 a farashi makusanci a ɗauka.

Akwai kuma katunan da sunansu ɗaya amma cikinsu daban. RTX 3060 yana da mai gigabait 8 wanda bai kai mai 12 gudu ba. RTX 3050 mai 6 bai kai mai 8 ba. RX 580 da aka ƙara wa 2048SP a ƙarshen suna, wanda aka yi don kasuwar Sin, a zahiri ɗan'uwan RX 570 ne. A karanta sunan har ƙarshensa.

Yawancin masu ƙaramin kasafi a ƙasashenmu na hannu za su saya, ko a Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko a yi saƙo daga Computer Village da ke Ikeja. Ya kamata a san tarihin da ke bayan da yawa daga cikin waɗannan katuna. Daga 2020 zuwa 2022 masu haƙar kuɗin kirifto sun saye katunan hoto da yawan gaske suna kunna su dare da rana. Ranar 15 ga Satumba 2022 tsarin Ethereum ya daina amfani da haƙa, sai katunan suka malalo kasuwar gwanjo. Ba duka ne suka lalace ba, wasu ma an kula da su fiye da na gida, amma fankokinsu sun sha juyi. Kada a biya kuɗi sai an gwada a gaban mai shago. A sa katin a kwamfuta, a buɗe manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, a ga ko sunan da girman ma'ajiyarsa sun yi daidai da abin da aka faɗa; tana ma nuna alama idan ta gano an sauya wa tsohon kati suna. Sannan a kunna gem mai nauyi ko manhajar FurMark na minti 15 zuwa 20 ana kallon allo. Ɗige-ɗige masu launi, ko layi-layi, ko allo ya ɗauke ya dawo, duk alamun a ajiye shi ne. A kasa kunne ga fanka ko tana ƙara kamar tana gogar wani abu. Bayan an kashe, a juya bayan katin a duba sukurori huɗun da ke kewaye da ƙwaƙwalwarsa: in kawunansu sun cinye, an sha buɗe shi. In allon katin ya yi jaja-jaja a wurin, ya sha zafi. Mai shagon da ya ce ba a gwaji, a yi masa sallama cikin mutunci a ƙara gaba.

Furosesa, madabod da ram: sai sun yi jituwa

Waɗannan ukun tare ake zaɓensu, domin kowane furosesa yana da soket ɗin da yake zama a ciki, kowane madabod kuma yana da irin ram ɗin da yake karɓa. Furosesan AMD ba ya shiga madabod ɗin Intel, kuma ko a gida ɗaya soket yana sauyawa. AM4 na AMD ya fito a 2016 yana aiki da ram na DDR4. AM5 ya biyo baya a 2022, shi kuma DDR5 kawai yake karɓa. LGA1700 na Intel yana da madabod na DDR4 da na DDR5, amma kowane madabod ɗaya kawai yake ɗauka. Tsagar da ke ƙasan sandar ram ba a wuri ɗaya take ba a nau'ukan biyu, don haka in ta ƙi shiga kada a danna da ƙarfi.

Don gem a 1080p, furosesa mai ƙwayoyin aiki 6 ya wadatar. Biyu ne suka yi suna a wannan aji, duka na 2022: Ryzen 5 5600 a kan AM4, da Core i5-12400F a kan LGA1700. Sababbinsu a kwali suna zuwa da fankarsu, kun ga an rage kashe kuɗi ɗaya. AM5 ya fi su dogon zango nan gaba, sai dai madabod da ram ɗinsa sun fi tsada, kuma wannan bambancin in aka ɗora shi a kan katin hoto ya fi bayyana a ido.

Harafin ƙarshen suna yana da muhimmanci. F a furosesan Intel yana nufin ba ya fitar da hoto da kansa, sai da kati. Ryzen 5 5600 ma haka yake. Amma 5600G yana da ɗan katin hoto a cikinsa, wanda zai buga ƙwallo da GTA V idan aka sassauta kyan hoto. Ga wanda kuɗinsa bai kai na kati ba a yanzu, wannan hanya ce mai kyau: ya haɗa da 5600G ya fara wasa, in hali ya samu ya ƙara kati. Abin da zai sadaukar shi ne 5600G bai kai 5600 gudu ba idan an sa musu kati iri ɗaya, domin ma'ajiyar cikinsa megabait 16 ce, ta wancan 32.

Madabod ba ya ƙara wa gem gudu. Matsakaici ake nema: B550 ko B450 ga AM4, B660 ko B760 ga Intel. Ƙaramin girman da ake kira micro-ATX ya fi araha kuma ba ya rasa komai da kuke buƙata. A tabbata yana da ramin M.2, in da hali da ramukan ram huɗu. Wani abu da ke rikita mutane: B450 ya girmi zubin Ryzen 5000, wanda 5600 ke ciki, da shekara biyu, don haka wanda ya daɗe a ajiye ba zai tashi da 5600 ba sai an sabunta masa BIOS. A sa mai shago ya yi wannan kafin a baro wurinsa. In kuma a gida za a yi, kada a fara sai kwamfutar tana kan UPS ko inbata, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, madabod ɗin na iya mutuwa murus.

Ram gigabait 16 ake so, kuma sanda biyu masu 8, ba sanda ɗaya mai 16 ba. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu tsakanin ram da furosesa. Ga mai 5600G ma bambancin babba ne ƙwarai. A madabod mai ramuka huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sawa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. A buɗe maƙallin gefe, a daidaita tsagar, a danna da manyan yatsu biyu har sai an ji ƙas. Bayan an kunna, a shiga BIOS a tayar da XMP, wanda wasu madabod ke kira DOCP ko EXPO. In ba haka ba, ram ɗin da kuka biya kuɗin gudun 3200 zai zauna a 2133 ko 2400. Farashin ram yana hawa da sauka fiye da na sauran kaya. Kamfanoni uku ne, Samsung da SK Hynix da Micron, ke ƙera mafi yawansa, kuma a ƙarshen 2025 ya yi tashin gwauron zabi saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun saye kaso mai yawa. A tambayi farashin ranar kafin a rufe lissafi.

Ma'ajiya

A sayi SSD na NVMe, wanda ake kwantarwa a ramin M.2 a ɗaure da sukuru ɗaya. Tsohon faifan ajiya mai juyawa (hard disk) yana karanta megabait 150 zuwa 200 a sakan, SSD na SATA kamar 550, NVMe kuwa yana iya kaiwa 3,500 ko sama da haka. Ba sai mafi gudu ba, gem ba ya nuna bambancin sosai. Girma ya fi muhimmanci: Red Dead Redemption 2 kaɗai yana neman gigabait 150, don haka 500 zai cika da wuri, terabait 1 ya fi kwanciyar hankali. Gigabait 150 ɗin nan ya tuna muku da kuɗin data ma, wanda ba kasafai ake sa shi a lissafi ba.

Akwatin wuta da wutar gidanmu

Nan ne araha ba ta ado. Akwatin wuta, wanda masu gyara ke ce wa fawa-fak, shi ke karɓar wutar bango mai bolt 220 zuwa 230 ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke sha. In ram ya lalace, shi kaɗai ya lalace. In akwatin wuta marar kariya ya ƙone, yana iya tafiya da madabod da katin hoto a lokaci guda.

Ga yadda ake lissafi. Ryzen 5 5600 yana shan wajen wat 75 idan ya ɗau zafi. RX 6600 yana shan 132. Madabod, ram, SSD da fankoki a ba su 50 zuwa 60. Jimla kamar 260. Ana so akwatin ya riƙa aiki a rabin ƙarfinsa ko sama kaɗan, kuma a bar sarari don ƙarin kati nan gaba, saboda haka mai wat 550 ya yi daidai, 650 in ana da niyyar hawa aji.

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba ita ce abin dubawa ba. A gefen akwatin akwai jadawali. A nemo layin +12V a ga amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashinsa, a ninka da 12. Nagari mai wat 550 zai nuna wajen amfiya 45, wato wat 540. Wanda aka rubuta wa 500 amma layinsa na +12V amfiya 18 ne, wat 216 kawai zai bai wa furosesa da kati, kuma ba zai ɗauki lissafinmu na sama ba. A ɗaga shi a hannu ma: na banza sakayau yake kamar gwangwanin da babu komai ciki. Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, yana nuna aƙalla kashi 80 na wutar da ya ja yana isa ga kwamfuta, sauran ya zama zafi. Ajin Bronze ya ishe ku. Tambarin shaidar tattalin wuta ne kawai, don haka a haɗa da sunan kamfanin da aka sani, irin su Seasonic, Corsair, Cooler Master ko be quiet!, da garantin shekara biyar ko kusa da haka. Wannan ne kaya ɗaya da zan ce a saya sabo ko da sauran duka na hannu ne.

A tabbata yana da wayar katin hoto mai baki 8 tasa ta kansa, ba ta jone-jone ba. Tsofaffin da aka kwaso daga Amurka wasunsu suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. In yana kan 115 aka soka shi a bangonmu, nan take zai yi tartsatsi. Kuma ko ya mutu kada a buɗe cikinsa, yana riƙe wuta bayan an cire shi daga soket.

Sai abin da ke tsakanin bango da kwamfuta, wanda masu ba da shawara daga Turai ba sa sawa a lissafi saboda ba damuwarsu ba ce. Wutar da ke zuwa ƙasa-ƙasa, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, ko ta ƙaramin janareto mai hawa da sauka, tana gajiyar da kowane akwati. A ware kuɗin UPS tun farko. A lura cewa lambar VA ba wat ba ce: mai 650VA yawanci wat 360 yake ɗauka, kwamfutarmu da allonta kuma sun kusa 300, ya yi kusa da baki. Mai 1000VA zuwa sama ya fi. Aikinsa ya ba ku mintunan kashewa cikin tsari, ba a ci gaba da wasa ba. In an taɓa kesin an ji yana ɗan ja, wayar ƙasa ce babu a gidan, a kira mai gyaran wuta. Wajen mita kuwa, wat 300 na awa uku ya kusa yunit ɗaya.

Kesin, zafi da ƙura

Masu gwada kaya a ƙasashen waje suna yi ne a ɗaki mai sanyin digiri 21 zuwa 25. A Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi, a watan Afrilu da Mayu, zafin gari yana haura 40. Kusan duk digirin da ɗaki ya ƙara, kayan ciki ma sai sun ƙara shi, kuma idan furosesa ko kati ya doshi 90 yakan rage gudu da kansa don ya tsira. Kenan katin da aka ce yana tsayawa a 70 can, a nan sai ya kai 85.

Don haka kesin mai raga a gaba ake nema, ba mai rufaffen gilashi ba. Fitilu masu launi kwalliya ce, ba sa ƙara hoto ko ɗaya a sakan. Fanka biyu masu milimita 120 a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan mai shigowa ta fi mai fita yawa, kuma akwai matata a gaba, ƙura ba ta samun kutsowa ta ramukan gefe. A ɗora kesin a kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa kan kafet. Da hunturu a riƙa wanke matatar duk mako biyu, a hure cikin da abin hura iska, ana riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. A lokacin ne kuma iska ke bushewa har jiki ya tara wutar da ke tartsatsi in an taɓa ƙarfe, saboda haka a taɓa jikin kesin kafin a ɗauki ram ko furosesa. Kafin a biya, a gwada tsawon katin hoto da abin da takardar kesin ta ce yana ɗauka.

Yaushe za a saya?

Kusan duk kayan nan da dala ake shigo da su. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashinsu a Najeriya yake bin canji, yayin da masu saye da sefa a Nijar suka fi samun daidaito saboda kuɗinsu a ɗaure yake da yuro. Wannan yakan sa mutum ya ce bari ya riƙa saye ɗaya-ɗaya duk wata kafin su ƙara tsada. Haɗarin shi ne ba a iya gwada madabod babu furosesa da ram, kuma garantin kayan hannu a kasuwa yawanci 'yan kwanaki ne. Kafin a tara sauran, wa'adin mayarwa ya wuce. Gara a tara kuɗin, ko ta adashe, a saye su a mako guda. In dole sai an rarraba, a fara da kesin da akwatin wuta, a bar furosesa da madabod da ram da kati su zo tare. Kuma ranar da aka haɗa, wayar allo a bayan katin hoto ake soka ta, ba a ramin madabod ba. Wannan kuskuren kaɗai ya sa mutane da yawa sun koma shago suna cewa an sayar musu da mataccen kaya.

Aikin gida

1. Wani ɗalibi ya rubuta wannan jeri: Ryzen 5 5600, madabod B760, sanda ɗaya ta DDR5 mai gigabait 16, babu katin hoto. Ku fito da kurakurai uku da ke ciki, ku gyara jerin.

2. An rubuta wat 600 a jikin wani akwatin wuta, layinsa na +12V kuma amfiya 22 ne. Wat nawa zai bayar a wannan layi? Zai ɗauki Core i5-12400F da RTX 3060? Ku nuna lissafinku.

3. Ku je shago biyu a garinku ku tambayo farashin kayan bakwai, sabo da na hannu, tare da UPS. Ku rubuta kason da kowanne ya ci cikin ɗari, ku zo da takardar aji na gaba.